Tukunyar Gidan Pang

"Fito da harshenka," in ji Likita Ruan.

Du Fuhai ya fito da shi. Ta duba, ta saki wuyan hannunsa inda take jin bugun jini, sannan ta naɗe masa hannun riga. Wurin da kirci ya yi wata huɗu yana tsattsafo da ruwa, yanzu sai tabo kawai.

"Ka warke, Kawu Du. Amma barkono da jatan lande da giya, ka ƙara yin wata guda ba ka taɓa su ba."

"To me ya rage a duniyar?"

"Kunun shinkafa."

Ya fito daga shagon maganin bakinsa har kunne. Sati shida ke nan yana dafa saiwoyi da ɓawon itace masu ɗacin bala'i, ya sha na farko, ya sake tafasa ragowar ya wanke fatar da shi. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa bas a birnin Kaifeng, ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba sai da matarsa ta rasu. Tukunyar ƙasar ma aro ya yi a wajen Sulan, matar amininsa Pang da ke hawa na huɗu a benen da yake zaune. Ita ta tsaya a kansa har ya iya: ruwa kwano uku, wuta kaɗan-kaɗan, sai ya ƙone ya dawo kwano ɗaya.

Yana isa gida ya wanke tukunyar tas, ya haɗa da lemo shida, ya hau bene yana jin kansa mutum mai sanin ya kamata.

Sulan ta buɗe ƙofa. Idonta na sauka a kan tukunyar, fara'ar fuskarta ta ɗauke.

"Tsoho Du, mene ne wannan?"

"Tukunyarku ce, matar Yaya. Na warke. Dubi hannuna."

"Yau da za mu je karɓo sakamakon gwajin Yayanka a asibiti, yau ka ga damar kawo mana ita?"

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Tukunyar magani ba a mayar da ita. Mai ita ne ke zuwa da ƙafarsa ya ɗauka ranar da ya buƙata. Wanda ya kai ta gidan mutane, ciwo ya kai musu. Ba wanda bai san haka ba a unguwar. Shi ma ya sani, sai dai irin waɗannan abubuwa matarsa ce ke riƙe masa su.

Daga ciki Pang ya ɗaga murya, muryar ba ƙarfi. "Ƙyale shi ya shigo. Ai tun yana direba ba ya ganin alamar hanya."

Sulan ba ta yi dariya ba. Ta tura ƙofar a hankali har ta rufu.

Du ya sauko da kayansa, ya ajiye tukunyar a kan tebur, ya zauna yana kallonta. Wata biyu ke nan Pang yana ramewa, abinci ba ya zama a cikinsa. Tun suna samari suke buga dara tare, kuma tun rasuwar matarsa ba shi da wani gidan shiga sai nasu. In sakamakon ya fito da mugun labari, Sulan ba za ta ƙara ganinsa ba tare da ta tuna shi a bakin ƙofa da tukunya a hannu ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya tarar da kansa yana susar hannun da ya riga ya warke.

Wajen ƙarfe biyar aka ƙwanƙwasa. Da ya ga Sulan ce ransa ya yi fari, har ya fara shirya ban haƙuri. Sai ya lura da jakar da ke hannunta, cike da ƙullin magani na takarda.

"Na zo ɗaukar tukunyata," ta ce.

"Me suka ce?"

"Sun ce aikin tiyata ba zai yi amfani ba. Wannan don ya riƙa samun cin abinci ne." Ta gyara riƙon jakar. "Tun ranar Litinin aka rubuta takardar sakamakon. Na duba kwanan watan. Ba kai ka jawo ba."

Ta miƙa hannu wajen tebur, sai Du ya sha gabanta.

"Tukunyar nan ba za ta hau sama ba, matar Yaya. Nan za ta zauna." Ya karɓi jakar daga hannunta. "Sau nawa a rana?"

"Sau biyu. Safe da yamma."

"Koma wajensa. Zan hawo da shi a kwano."

Ta goge ido da bayan hannu.

"Da ɗaci fa. Ka san halinsa, ko zan kwana ina lallashi ba zai sha ba."

"Ni ba lallashinsa zan yi ba," in ji Du. "Ki ce masa ya jera darar."

Ya kwance ƙullin farko, ya juye a tukunya.