Idon Rabe Zai Hau Sama

Ranar da likita ya hana Rabe kafinta hawa tsani saboda ciwon gwiwa, mutanen Hayin Banki sun yi masa jaje kamar an yi rasuwa. Shekara talatin yana gyaran rufin kwano, to kafintan da ba ya hawa sama me kuma ya rage masa? Amma Rabe taurin kai gare shi. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayo ɗan jirgin nan marar matuƙi mai kyamara, wai shi zai riƙa hawa yana gano masa inda kwano ke yoyo.

Na'ima, 'yar yayarsa mai aikin safiyo, ita ta koya masa a wani fili da babu kowa. Sati uku tana nanata masa: a duba batir, a duba iska, ban da bi ta kan mutane, ban da kusantar barikin soja. Mutumin da ko saƙon waya sai an taya shi turawa, sai ga shi yana juya jirgi a sama yana ihu kamar yaro ranar sallah.

Aikin farko ya faɗo a Unguwar Rimi, gidan Hajiya Asabe, wadda yoyon falonta ya gagari kafintoci biyu. In Rabe ya gano yoyon, sana'a ta dawo. In ya kasa, babur ya tafi a banza.

Da suka isa shi da Na'ima, ɗoki bai bar Rabe ya jira komai ba. Ya yi bismillah, jirgi ya tashi fiii, ya wuce katanga. Rabe ya duba fuskar wayar da ke nuna hoton kyamarar yana washe baki, sai ga igiyar shanya da zannuwa da turmi. Tsakar gidan maƙwabta ne! Ya sauko da jirgin nan take.

"Kawu, lafiya? Batir fa a cike yake," in ji Na'ima.

"Ba batir ba ne. Na hau ban yi sallama ba."

Tun yana koyon aiki bai taɓa taka tsani ba sai an sanar da maƙwabta, don mata su kimtsa. Yau murna ta mantar da shi, kunya kuwa ta rufe shi. Ya ɗingisa zuwa zauren maƙwabcin, Malam Audi, ya same shi cikin littattafansa.

"Allah ya gafarta Malam, na yi laifi, na hau ban faɗa ba. Yanzu izini nake nema."

Malam ya dube shi sama da ƙasa. "Da wannan ƙafar za ka hau?"

"Idona ne zai hau, Malam."

Malam ya yi dariya har da tari, ya shiga gida ya fito. "Na faɗa musu. Bismillah."

Rabe ya koma ya gyara tsayuwa, ya buɗe murya: "Salamu alaikum maƙwabta! Za a hau sama!" Muryar ta ɗan karye, don ya ɗauka shi da wannan kira har abada.

Wannan karon ya karkatar da kyamarar kan kwano kaɗai. Ba a yi minti biyar ba ya daka tsalle, gwiwa ko oho.

"Ga shi nan! Bayan tankin ruwa, kwanon ya tsage!"

Jirgi ya dira a gabansa lafiya lau. Rabe ya share ido da hula, ya juya wajen katanga ya ƙwala: "An sauko! Mun gode!"