Sunan 'Yar Fari

Zahara'u ta zauna a bakin tabarma tana kallon ƙafafun 'yarta, don ta kasa kallon fuskar. Tun kaka yarinyar ke wannan gida na Magariya, inda ake kula da 'yan matan da aka raba da mazan tasha, ba ta ce uffan ba sai shekaranjiya.

Malama Fiddausi, mai zama da yaran tana sauraronsu, ta ce, "Inna, yau tana iya bin ku gida. Abu ɗaya ta roƙa, ku kira sunanta."

Yarinyar, Ruma'isa, 'yar fari ce. Tun ranar suna bakin Zahara'u bai taɓa furta sunan ba, sai "ke", sai "waccan". Haka ta taras ana yi.

* * *

Shekarar da damina ta ƙi, mijin Zahara'u ya tafi cirani Aljeriya, shiru har yau. Ita da hannunta ta ɗora wa yarinyar tiren dafaffiyar gyaɗa, ta ce tasha ta fi ciniki. Tire yakan dawo a cike, amma ga tiyar gero ƙulle a ɗankwali. Wallahi ta gani. Ta daka, ta tuƙa, ƙanne suka ci suka ƙoshi, ba ta tambaya ba. Ai uwa ba ta doguwar magana da 'yar fari, sai ta fake da kunya.

* * *

Ruma'isa ta yi magana, idonta a ƙasa. "Malama, direbobin nan duk sun san sunana. Da ihu suke kiransa, har na tsane shi. So nake in ji shi a bakin da ba ya neman komai a wurina."

Zahara'u ta buɗe baki.

"Ke... ke dai tashi mu tafi, ƙannenki na cigiyarki."

Yarinyar ta ja hijabi ta rufe fuska.

"Ba komai, Inna," in ji Malama a hankali. "Miki ba ya warkewa rana guda. Ku dawo ran kasuwa."

* * *

Kafin a shiga garinsu, Sassumbrum, Zahara'u ta ce wa ɗan kabu-kabu ya sauke ta. Ta kutsa cikin karan gero, ta waiga dama da hagu, babu kowa.

"Ruma'isa," ta ce. Ta sake, da ƙarfi.

Wata akuya ta ɗago kai ta dube ta, ta ci gaba da kiwonta.