Sunan Radhamés a Kan Akwatin Gawa

Tun da gari ya waye Doña Eufemia ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗora ruwan kofi a wuta ya ƙone, ta share tsakar gida ta sake sharewa, ta leƙa titi ta dawo ba ta san abin da ta je gani ba. Maƙwabciyarta Tomasa ce ta miƙo mata maganar ta saman katanga: magoya bayan ƙungiyar Kunamu za su yi wa ƙungiyar Balbelu jana'iza yau Lahadi da yamma, kuma sunan ɗanta aka rubuta a kan akwatin.

Jana'izar ba baƙon abu ba ce a garin. Duk shekarar da aka fitar da ƙungiya daga zagayen ƙarshe na ƙwallon sanda, mutanen ɗaya ɓangaren sukan haɗa akwatin gawa, su shafa masa launin waɗanda aka kora, su zaga gari da shi ana kiɗa ana kukan ƙarya. Ita ma ta taɓa bin irinta tana rawa, shekarar da Kunamu suka faɗi. Amma sunan ƙungiya ake rubutawa. Ba ta taɓa ganin an rubuta sunan ɗan mutum mai rai ba.

Radhamés, ɗanta, shi ne mai jifan Balbelu da ya yi jifan ƙarshe ranar Alhamis. Mai bugun Kunamu ya sa wa ƙwallon sanda, ta tsallake katanga ta faɗa gonar rake, kakar wasa ta ƙare a nan. Tun ranar bai zo gida ba. Ya tafi babban birni, Santo Domingo, wajen wani abokinsa, in ta kira wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Ta ɗaura ɗankwali ta nufi kantin Bienvenido da ke kan kwana.

Tun daga nesa ta jiyo su. Maza sun jeru a kujerun roba, ana buga domino kamar za a fasa teburin, rediyo na nasa surutun ba mai saurare. Chepe mai acaɓa, wanda shi kaɗai ne ɗan Balbelu a wurin, ya miƙe tsaye yana kare kansa.

"Ni fa na faɗa tun kafin a fara kaka. Ba ranar Alhamis aka ci mu ba, tun lokacin hutu aka ci mu. An sallami masu jifa lafiyayyu, an je Amurka an ɗauko wani mai gwiwa ɗaya."

"Ɗayar ma ta aro ce," in ji Bienvenido daga bayan kanta. Aka kwashe da dariya.

"Yi dariyarka. Kowa ya san surukin mai ƙungiya ne ya kawo shi. Ku kuma da gwamna bai zuba muku kuɗi ba, da me za ku sayi wancan ƙaton da ya buga ƙwallon? Da bashin sardin ɗin Bienvenido?"

"A'a, Chepe, kar ka sa siyasa a ƙwallo," in ji wani daga cikin masu domino.

"Ni na sa ta? Motar da za ta ɗauki akwatinku, hoton wa ke manne a jikinta? Ga shi nan zaune yana shan abin da bai biya ba."

Kansila Porfirio, wanda ke neman a sake zaɓensa, ya ɗaga kwalba yana murmushi kamar yabonsa aka yi. Daidai nan Eufemia ta tsaya a bakin kantin, dominon ya yi shiru.

"Kompadre," ta ce.

Bienvenido ne ya riƙe Radhamés a coci ranar da aka yi masa baftisma, shi ya sa tun lokacin ba sa kiran juna da suna, sai kompadre da komadre.

"Komadre, sannu da zuwa. A kawo miki kujera."

"Ban zo zama ba. Ina akwatin?"

Ba ta jira amsa ba, ta zaga bayan kantin. Yana nan a kan akwatunan kwalabe yana shan rana, fari da kore, fentin bai gama bushewa ba. Eufemia ba ta yi makaranta ba, ko takardar asibiti sai an karanta mata. Amma waɗannan haruffan ta san su kamar yadda ta san fuskar mai su, domin shekara da shekaru tana wanke su a bayan riga tana shanyawa. Ga su nan baƙaƙe a kan murfin, har da lambarsa, har da ɗan gicciye a sama.

Ta dawo gaban kantin.

"Wa ya rubuta?"

"Wasa ne, komadre. Ke ma kin sani. Wancan karon ku ai jaki kuka sa ya ja namu."

"Sunan ɗan wa muka rubuta a jikin jakin?"

Bienvenido ya shiga goge kanta da tsumma. "Samari ne suka rubuta."

"To kai babba ka goge."

"In na goge sai su ce na koma Balbela da tsufana. Kin san bakin mutanen nan."

"Na san bakinsu. Da daminar nan ta wannan layin aka bi da gawar mijina Evaristo, ta ƙofar gidana. Kai ka riƙe ta wajen kai. Ka manta nauyin ne, ko so kake ka gwada na ɗan?"

Kansila ya ajiye kwalba ya gyara murya.

"Doña, ki kwantar da hankalinki. Ƙwallo ita ce ke haɗa kan al'umma, kuma wannan raha ce ta gargajiya. An riga an sanar da hanya a rediyo. Amma in aka gama zaɓe, ni da kaina zan duba yadda..."

"Kai ɗan Casilda, na san ka kana yawo ba wando a bakin famfo. Kar ka yi mini muryar rediyo. Za ka sa a goge ko ba za ka sa ba?"

Kansila ya dubi mazan da ke zaune. Kunamu sun fi yawa a unguwar, kuma kowane ɗaya ƙuri'a ne. Ya ɗaga kafaɗa.

"Shi ke nan," ta ce. "Tunda jana'izar ɗana ce, zan zo."

A gida ma ba ta zauna ba. Ta sake kiran wayar, ba a ɗauka ba. Ta buɗe akwatin kaya ta ciro baƙar rigar da ta sa ranar da aka binne mijinta, ta shimfiɗa a gado, ta tsaya tana kallonta, ta mayar, ta sake cirowa. Daga nan ta shiga gidan Tomasa. Tomasa ce ke jan addu'ar matattu a unguwar. Ba a fitar da gawa a layin nan sai an ji muryarta.

"Ɗauko carbinki, ki kira matan. Ku zo da kyandir."

Tomasa ta saki cokalin da ke hannunta. "Eufemia, kina da hankali? Addu'ar matattu a kan mai rai? Wannan ba abin da ake tsokana ba ne."

"Su suka fara."

"In muka kai wurin da ake kiran suna fa?"

"Ki tsaya a nan. Ba ke za ki faɗa ba."

"In wani ya faɗa fa? Akwai bugaggu a cikinsu."

Abin da ke cin Eufemia ke nan tun da tunanin ya zo mata. Ta kama bakin ƙofa ta riƙe. "In na yi shiru, za su wuce da shi ta ƙofata suna rawa, a ɗauka a waya, ɗana ya gani. Yaron da ko muryata ya kasa ji. Zo mu tafi."

Da la'asar kiɗa ya taso daga kwana. Motar kansila ce a gaba, lasifikoki a kanta, akwatin a bayanta, acaɓa sun kewaye ta suna hon. Wani ƙato ya yafa zanen gado ya zama fadan coci, yana yayyafa wa mutane giyar rake. Wasu samari sun sa rigunan mata suna birgima suna kukan ƙarya. Bienvenido na tafe a gefe da jar hular Kunamu, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da suka iso ƙofar Eufemia sai direba ya taka birki.

Mata ne a tsakiyar titi, tsofaffi, duk cikin baƙi, kowace da kyandir a kunne. An fito da tebur an rufe shi da farin ƙyalle, an ɗora gicciye da kofin ruwa, kamar yadda ake yi a gidan rasuwa. Eufemia na tsaye a gabansu.

"Ku sauke shi," ta ce wa samarin da ke kan mota. "A hankali. Ƙafafu ta wajen ƙofa."

Suka dubi juna. Ɗaya ya yi dariya, ba wanda ya taya shi. Ba su san yadda aka yi ba sai ga shi sun sauke akwatin a gaban teburin. Wani ya kashe kiɗan. Fadan ƙarya ya zame zanen gadon ya dunƙule shi a hammata.

Tomasa ta fara. Muryar nan ce da kowa a wurin ya taɓa ji a kan uwarsa ko ubansa. Matan suka amsa. Tun ana jin raɗa a baya har aka daina. Bakunan da suka zo zagi suka shiga amsawa da kansu, don haka suka saba tun suna yara. Kansila ya ga wayoyi sun ɗago, ya yi maza ya cire hula ya sunkuyar da kai.

Eufemia ba ta amsa ko sau ɗaya. Idonta na kan murfin. Tana jin addu'ar na tafiya, tana matsowa wurin da ake kiran suna. Ta so ta ce a tsaya. Ta cije leɓe.

"Ka ba da hutu na har abada," in ji Tomasa, "ga ran bawanka..."

A nan ta tsaya.

Eufemia ta juya ta nemo Bienvenido a cikin taron.

"Kompadre, matso. Kai ka faɗi sunansa a coci ranar da aka zuba masa ruwa. Kai za ka faɗe shi yau. Ga shi nan a rubuce, ku da kuka iya karatu."

Can baya wani bugagge ya buɗe baki, Chepe mai acaɓa ya toshe shi da tafin hannu. Bienvenido ya tako har gaban akwatin. Ya dubi haruffan, ya dubi kyandirori. Sai ya cire jar hular ya yar a ƙasa, ya sa hannu biyu ya fizge murfin, ƙusoshin suka yi ƙara.

Cikin akwatin ƙanƙara ce da kwalaben giya.

Tomasa ta yi alamar gicciye ta hure kyandirinta da sauri, sauran matan suka bi. Wani saurayi ya rugo da gwangwanin baƙin fenti zai shafe rubutun.

"Kar ka soma," in ji Eufemia. "Ba wanda zai shafe sunan ɗana da baƙi. Ba ni."

Ta karɓi murfin ta ɗora a ka.

"Ki yafe mini, komadre," in ji Bienvenido, murya ƙasa ƙasa.

"Ba sunana ka rubuta ba. Mai sunan zai zo, ka san gidan." Ta dubi sauran. "Ku kwashe giyarku ku tafi. Ku binne Balbelu, sun cancanta, ko ni na ga irin wasan da suka yi. Amma ba ta layin nan ba."

Motar ta yi baya baya har kwana. Sai da suka shiga ɗaya titin aka sake kunna kiɗan, shi ma ba ƙarfi.

Washegari da hantsi acaɓan Chepe ya tsaya a ƙofa. Radhamés ya sauko da jakarsa, ya rame, gemu ya fito. Ya ga abin a waya, kamar yadda rabin ƙasar ta gani. Ya tsaya a tsakar gida ya rasa ta inda zai fara.

"Mama, me ya kai ki?"

"Wanke hannu."

Ta riga ta ari zarto ta yanke wurin sunan daga murfin, ta rataye shi a saman ƙofar ɗakinsa, ta kankare gicciyen da wuƙa. Sauran katakon ta faskare, da shi ta hura wutar da ta dafa agade. Ta kirɓa ta, ta zuba soyayyar albasa da ƙwai, ta tura masa kwanon, ta tsaya a kansa hannu a ƙugu har ya kai loma ta farko.

"Yanzu gaya mini," ta ce. "Mutumin nan duk kakar nan ba ya iya bugun ta ƙasa. Kowa ya sani, har Tomasa ta sani. Me ya sa ka ɗaga masa ita a ƙirji?"

"Kuɓuce mini ta yi, Mama."

"Kuɓucewa. Kuma sai ka kashe mini waya."

Ya sunkuyar da kai, amma ta ga gefen bakinsa ya motsa. Aka ƙwanƙwasa ƙyauren waje. Ta leƙa ta taga. Bienvenido ne, ba hula, yana sauya ƙafa a rana.

Radhamés ya yunƙura zai tashi.

"Zauna," ta ce. "Cinye tukuna. Ya jira."