Ɗakin Baƙar Hoda

Khadijatu ta ji ƙarar kulle ƙofa da kwaɗo daga waje kafin ta gama fahimtar abin da Alhaji Ashafa ya faɗa.

"Masu duba masana'antu ne suka shigo layin. Kada in ji ko tari. Minti goma ne kawai."

Ya riga ya kashe injin niƙa da fanka. Su biyu ne a ɗakin ranar, ita da ƙanwarta Munira, ga rana ta take tsaka a kan kwano.

Ɗakin yana bayan shagon fotokwafin Alhaji a Dutse, kuma babu hukumar da ta san da shi. A nan ake haɗa hodar da firinta ke rubutu da ita. Ana narka roba tare da baƙin launi, in ta daskare a farfasa, a niƙa, su kuma su tankaɗe su ɗura a kwalabe masu tambarin ƙasar waje. Robar ce ke lulluɓe kowace ƙwaya, ita ce ke narkewa ta kama takarda. Hodar ta fi toka laushi. Saboda kada iska ta kwashe ta, aka toshe tagar da kwali. Takunkumin da aka yi musu alkawari tun bara bai iso ba, gefen mayafi suke ɗaurawa a hanci.

Khadijatu ce ta ɗauko Munira daga Aujara, bayan ambaliya ta cinye gonar mijin ƙanwar tata. Ita ce ta ce wa mahaifiyarsu aikin zaune ne, babu wahala. Ta san yarinyar tana da asma. Ba ta faɗa wa Alhaji ba, don kada ya ƙi ɗaukarta.

Da fanka ta tsaya, hodar da ke yawo a sama ta fara sauka a kansu. Munira ta ajiye rariya, ta jingina da bango.

"Yaya," ta ce a hankali, "ƙirjina."

"Ina abin shaƙarki?"

"Yana jaka."

Jakunkunansu kuwa suna shagon gaba. Alhaji ya hana shiga da su, wai kada a saci hoda.

Ta bayan ƙofa ana jin muryoyi, ana gaisawa, an jawo kujeru. Khadijatu ta kwance wa Munira mayafi, ta shiga yi mata fifita da kwali, sai ta ga hodar take ƙara tayarwa, ta bari. Numfashin Munira ya koma wani siririn fito. Ta cusa bakinta cikin hannun riga don kada a ji tarinta.

Minti goma suka wuce, wasu goman suka bi su. A waje an buɗe lemo.

Khadijatu ta miƙe ta tsaya gaban ƙofar, hannunta a ɗage. In ta buga, an rufe wurin, su biyun sun rasa aiki, gidaje biyu sun rasa abinci. Ta waiwaya. Munira tana girgiza mata kai, idanunta sun firfito, wuyanta yana lotsawa da kowane jan iska.

Ta buga da tafin hannu, sannan da ƙarfen rariya.

"Alhaji, a buɗe. Munira ba ta numfashi."

Hirar ta tsaya. Wata baƙuwar murya ta ce, "Akwai mutane a ciki ne?"

"Masu shara ne, ranka ya daɗe," in ji Alhaji. "Sito ne, makullin yana wurin manaja. Yanzu zai dawo. Mu ƙarasa maganar a mota."

Khadijatu ta kasa kunne tana jiran mutumin ya sake tambaya. Ta ji an ture kujera, ta ji takalma suna nisa. Ta ci gaba da bugu har rariyar ta lanƙwashe.

* * *

Da aka buɗe, Munira tana kwance a cinyar yayarta, leɓɓanta sun canja launi a ƙarƙashin baƙin. Alhaji ya tare mai adaidaita, ya sunkuyo kusa da Khadijatu.

"In likita ya tambaya, hayaƙin girki ne. Kin ji ko?"

Khadijatu ta riga ta ɗauko jakar Munira daga shagon. Tana ta danna abin shaƙar a bakin da ya daina ja.

A asibiti likita ya leƙa hancin Munira da fitila, ya goga auduga, ya daɗe yana kallon audugar.

"A ina take aiki?"

Khadijatu ta faɗa masa komai: layin, shagon, ɗakin, kwaɗon. Ya rubuta. Sannan ya rufe fayil ɗin, ya ce Allah ya ba su haƙuri.

* * *

Kafin la'asar aka isa Aujara da ita. Alhaji ya aiko da buhun shinkafa da saƙon cewa wurin Khadijatu yana nan in an yi bakwai. Shagon bai rufe ko na yini ɗaya ba.

A ɗakin mahaifiyarsu, tsofaffi biyu suka zo yi wa gawar wanka da ruwan ɗumi. Suka wanke fuskar, suka sake wankewa. Baƙin da ke gefen hancinta da bayan kunnuwanta sai ƙara kama fata yake yi. Ɗaya ta ɗago ta dubi Khadijatu.

Khadijatu ta ɗauki bokiti ta nufi randa.

"Inna, da ruwan sanyi ake fitar da shi," ta ce. "Na ɗumi narkar da shi yake yi."