Iskar Gangirwal

…kuma wai saura kaɗan. Tun hantsi Haladu yake cewa saura kaɗan mu kai saman dutsen Gangirwal. Shi makiyayi ne, a nan aka haife shi, yana gabana da sanda a kafaɗa kamar mai zuwa kasuwa. Ni kuwa, Barakatu matata… taku goma, in tsaya. Taku bakwai. Na wangame baki, iskar na shiga, amma ba ta isa ƙirji. Wace irin iska ce wannan, kamar kokon da aka cika wa ruwa?

Kaina. Kamar ana sussuka a ciki.

Wa ya aike ni? Ni na ɗaga hannu. A ofis aka ce shanu na mutuwa a duwatsun Mambila, ana neman malamin dabbobi ya kai allura. Zamanin kuɗin mai, kowa na samun ƙarin girma, na ce nawa ya zo. Kina tankaɗe na faɗa miki, ba ki ɗago ba, kika ce, “Dutse kuma, Malam?” Na yi dariya. Ni da ban taɓa hawa abin da ya fi gadar Wudil tudu ba…

Amai kuma. Babu komai a cikin, sai ɗaci. Faratana sun yi shuɗi. Sanyi ne? Sanyi ne mana. Ya Allah, Ka sa sanyi ne.

Kogi. Ranar da kwalekwalenmu ya kife, ina ƙarƙashi, ina ganin haske a sama, ƙirji na neman fashewa, sai hannun Yaya Ya'u a wuyan rigata. A can na san inda sama take, in na kai zan shaƙa. A nan fa? Ga ni a saman. Ina kuma zan taso?

Haladu ya dawo, ya tsuguna, yana leƙa idona kamar yadda nake leƙa na saniya mara lafiya. Ya ce mu sauka. Na girgiza kai. Ƙanƙarar akwatin allura na narkewa, in ta narke allurar ta lalace, garke nawa ke jira… akwatin. Ina akwatin? Yana bayansa. Yaushe ya karɓa? Yaushe ma na zauna?

La'ilaha illallahu. Ashe kalmar tana da tsawo haka, sai na yanka ta biyu.

Hazo ya rufe hanyar da muka biyo. Barci nake ji, mai daɗi, shi ya fi ba ni tsoro. Bari in riƙe wani abu. Gida. Zaure, rijiya, ke, yarinyarmu tana koyon tafiya, tana kama zanenki. 'Yar fari, ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, don kunya. Yanzu ba kowa, bari in kira ta.

Sunanta…

Barakatu, wannan ba kunya ba ce. Ni na yi mata huɗuba a kunne. Sunanta…