Sahu Uku Kafin Rufi

"Ku sauke shi," in ji tsoho Veikko daga kan bokitin da ya kifa ya zauna. "Kai Tuomas, ido gare ka ko ado ne? Ka ɗora gindin gungume a kan gindin na ƙasa."

Tuomas da ƙannensa biyu suka sauke gungumen suna haki. Matarsa Riikka tana gefe tana tsince gansakukar da ta ɗebo a daji, ido ɗaya a kan aikinta, ɗaya a kan 'yarta Ilta, wadda ba ta da buri sai ta kai bakin tafkin.

Gidan hutun ɗaki ɗaya ne, kakan Tuomas ya gina shi. Duk bazara mutum tara ke kwana a ciki, tun daga uwar Tuomas, surukar Riikka, har jikoki, kowa ƙafarsa a hancin wani. Bara Ilta tana rarrafe ta dafa murhu, tafin hannunta ya saɓule. Riikka ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta dai ce in ba a ƙara ɗaki mai ƙofa ba, ita da 'yarta sun daina zuwa. Surukar ta yi kuka, don a gidan nan kaɗai take ganin jikokinta a haɗe.

Veikko, maƙwabcinsu na tsallaken ruwa, shi ya ba su tsohon rumbunsa na katako. Aka warware shi gungume-gungume, aka kawo, ake sake ɗorawa a jikin gidan. Shekararsa tamanin da huɗu, kuma duk yankin ba wanda ya rage da ya san wannan aiki sai shi. Kullum da safe yakan tuƙo kwale-kwalensa, ya sha kofi, ya hau zagi. Da Tuomas ya kawo shawarar a sayo abin toshe tsaga a kanti, sai ya ce gansakuka ta riƙe rumbun shekara ɗari, ita za a shimfiɗa a tsakanin kowane sahu na gumaguman.

Ranar Laraba Riikka ta lura bai taɓa kofinsa ba. Ta ce ko ta kai shi asibiti a mota.

"Ke dai dafa wakenki," ya ce. "Ranar ɗora gungumen rufi in ban sha miyar wake ba, ɗakin nan ba zai yi albarka ba. Kuma kada ki bar mijin nan naki shi kaɗai da gatari."

Da yamma ya tuƙa ya koma, yana tsayawa a tsakiyar ruwa yana hutawa.

Washegari ba a ga kwale-kwale ba. Wajen ƙarfe tara Riikka tana shanya kayan Ilta ta hango tuta a gidan Veikko, an sauko da ita rabin sanda, alamar an yi rasuwa. Ta gama shanyarta, sannan ta je ta faɗa musu. Daga baya matarsa Aune ta bugo waya ta ce ya fita ɗebo itace ne, ya zauna a bakin matakala, bai tashi ba.

Sahu uku suka rage, hutu kuma saura kwana biyar, ga ruwan kaka na tafe. In aka bar katakon a buɗe, ruɓewa zai yi. Mazan suka tsaya a kan tarin gumaguman suna jujjuya su. Alamomin da tsohon ya sassara da gatari, shi kaɗai ke karanta su. Tuomas ya ce a rufe da leda, a bari sai baɗi.

Riikka ta miƙa wa surukarta yarinyar. Mako biyu ta yi a zaune kusa da bokitin nan, ba abin da ya wuce kunnenta. Ta bi gumaguman ɗaya-ɗaya tana auna kaurinsu da hannu, tana duba inda cikin wani ya dace da bayan wani.

"Wannan ne. Ku juya shi, siririn ya hau mai kaurin."

"Kin tabbata?" in ji Tuomas.

"Ban tabbata ba. Ɗauka."

Sau biyu suna saukewa kafin ya zauna. Haka suka yi ta yi har ranar Asabar, da suka ɗora gungumen rufi. Kusurwar gabas ta ɗan karkace. Riikka ta dafa miyar waken, ta cika kwano, Tuomas ya tuƙa ya kai wa Aune.

Ranar Litinin da azahar aka buga kwanon rufi na ƙarshe. Babu taga tukuna, amma an rataya ƙofa. Riikka ta share ɓawon katako, ta shimfiɗa bargo, ta kwantar da Ilta, ta ja ƙofar ta rufe. Sai ta zauna a waje da wuƙa tana datse gansakukar da ta leƙo daga tsakanin sahu. Ruwa ya fara sauka a kan tafkin tun daga tsallake, a hankali, har ya iso kan rufin. Yarinyar ba ta farka ba.