Miyar Doki

Na'Allah bai taɓa zaton zai wayi gari yana jin zafin ƙanensa ba, sai ga shi ya faru, kuma a kan doki. A Gaya, daga bakin kogi har unguwannin tudu, in doki ya yi tari ko ya ɗingisa, gidan Na'Allah ake nufa. Gado ne. Mahaifinsu, marigayi Bawa, ya riƙe wannan suna shekara arba'in, Na'Allah kuma shi ne ɗan da ya tashi a bayan sirdinsa. Ƙanensa Siddo kuwa tun yana ƙarami a madafa ya tare, kullum yana maƙale da zanen Innarsu, har ana yi masa tsiya.

To, Siddon nan ne ya dawo daga Yamai a shekarar babban fari, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, bayan ya shekara shida yana share bargar dawakin sojoji. Shara fa, ba wani abu ba. Ya dawo da goɗiya guda da wata ɗabi'a mai ban dariya. Duk bayan kwana biyu sai ya jiƙa dusa, ya barbaɗa garin kuka da dakakkiyar kuɓewa, ya yi ta juyawa har ta yi yauƙi, ya zuba wa goɗiyar a komi. Ko harawa ba ya yarda ta ci a ƙasa.

Na'Allah ne ya raɗa wa abin suna a majalisarsu ta gindin giginya. Ya ce, "Ƙanena ya je birni ya koyo miyar doki. Saura ya tuƙa mata tuwo." Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, shi kuwa ya ji daɗi har ransa.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Ciyawa ta ƙare ƙarƙaf a shekarar. Dawaki suka koma tsintar saiwa da guntun kara a ƙasa, suna haɗiye rairayi tare da su, rairayin ya taru a hanji ya toshe. Dokin Alassan mai shinkafa ya mutu yana birgima. Biyu suka mutu a garin Tounouga cikin mako ɗaya. Goɗiyar Siddo kuwa sai sheƙi take. Mutane suka fara zuwa tambaya, kuma abin haushin, hanyar gidan Siddo ta ƙofar Na'Allah ta bi. Sai mutum ya jawo dokinsa, ya tsaya ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya wuce. Mutanen da ubanninsu suka durƙusa a wannan zaure. Na'Allah yakan amsa gaisuwar da murmushi, amma zuciyarsa tafasa take. Hassada ce, ya san sunanta, bai kuma iya korar ta ba.

Abin da ya rage masa na tinƙaho shi ne Gunya, dokinsa, wanda ya ci tseren samariya, ƙungiyar matasan gari, shekara biyu a jere. A cikin wannan fari Gunya bai rame ba, bai taɓa ko juya ciki ba. Na'Allah yana watsa masa harawa a ƙasa yadda Baba yake yi, ya ba shi kanwa da jiƙon sassaƙe yadda Baba yake yi. Duk wanda ya zauna da shi sai ya ji wannan magana.

Wata hantsi Siddo ya shigo gaisuwa, ya tarar da baƙi biyu. Ya dubi inda Gunya ke kalen harawa a kan rairayi, ya ɗebi kashin dokin ya zuba a ƙwarya, ya dama da ruwa, ya tsiyaye a hankali. Rairayi ya kwanta a gindin ƙwaryar, kamar na mai regayar gero.

Ya ce, "Yaya, dubi. Yana cin rairayi sosai. Sa'a ce yana fita. Ka ɗaga masa abincin daga ƙasa, ka bari in..."

"A gidana za ka koya mini doki?" in ji Na'Allah. "Lokacin da nake ɗaure linzami kai kana lasar muciya. Ajiye mini ƙwarya ka kama hanya."

Siddo ya ajiye, ya yi wa baƙin sallama, ya fita kansa a ƙasa.

Bayan kamar kwana goma Na'Allah ya dawo daga kasuwa da wuri, kansa na ciwo. Ya zagaya wajen turke, sai ya ga matarsa Hajjo a tsugune, Gunya ya tsoma baki a tsohon komin gidan yana ta sharɓa. Koren yauƙi na zuba daga leɓensa. Na'Allah ya tsaya cik. Ashe ƙoshin lafiyar da yake ta cika baki a kai a majalisa, a tunaninsa, aikin Siddo ne. Ashe har cikin gidansa Siddo ya fi shi, a hannun matarsa.

Hajjo ta miƙe ta ce, "Maigida, tsaya ka ji."

"Ba abin da zan ji. Shi ya aiko ki?"

"Wallahi ba haka ba ne, wannan tun..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya sa ƙafa ya kifar da komin, ya ɗauki taɓarya ya rotsa shi biyu. Ya rantse in ta sake kusantar turken nan, sai dai ta koma gidansu a Zabori. Hajjo ta dube shi, ta dubi dokin, ta kwashe ƙwaryarta ta shige ɗaki. Daga ranar shi da kansa yake ba Gunya abinci, a ƙasa, har da gayya.

Wata guda ya wuce lafiya, Na'Allah yana ta hura hanci. A cikin na biyu Gunya ya fara barin abinci. Ran wata Laraba bayan azahar sai ya shiga tonon ƙasa da kofato, yana waiwayen cikinsa, zufa na keto masa. Ya kwanta, ya tashi, ya sake zubewa ya hau birgima. Na'Allah ya ɗura masa kanwa, ya ɗura jiƙon sassaƙe, ya ja shi zagayen gida sau ba adadi. Ba kashi, ba sauƙi. Ya aika a kira likitan dabbobi, aka ce ya tafi Dosso taro. Tsoro ya kama shi sosai, amma ko a lokacin bakinsa ya ƙi furta sunan ƙanensa.

Hajjo ce ta yafa mayafi ta fita ba tare da ta nemi izini ba. Ba a jima ba sai ga Siddo da gudu, ko takalmi babu. Ya durƙusa ya kanga kunnensa a ƙasan cikin dokin, ya daɗe yana saurare. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Rairayin ya taru, Yaya. Ina jin motsinsa. Ya riga ya toshe."

Na'Allah ya ce, "To dama masa abin naka mana."

Suka dama, suka ɗura, duk ya dawo ta hanci. Siddo ya ce yauƙin kwashe rairayi yake kaɗan-kaɗan tun bai taru ba, in ya riga ya daskare ba ya iya komai. Kafin rana ta yi sanyi Gunya ya miƙe ƙafafu, ya yi wani dogon numfashi, shi ke nan.

Na'Allah ya zauna daɓas a ƙasa. Baƙin ciki ya rufe shi, amma hassadar ba ta mutu tare da dokin ba, sai da ta sake ɗago kai. Ya ce, "Ga dabarar sojojinka nan. Ta ƙare."

Siddo ya dube shi da mamaki. "Wace dabarar sojoji? Yaya, ni na koya musu. Ta Inna ce."

"Wace Innar?"

"Innarmu. In Baba ya tafi masallaci da asuba ko ya fita gona, ita ke dama wa dokinsa. Ni nake riƙe mata ƙwarya. Ta ce kada a faɗa masa, don ba zai so a ce kayan miya ne ke riƙe masa doki ba."

Na'Allah ya juya wajen Hajjo. Tana tsaye jikin danga tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ce, "Shekarar da za ta rasu ta damƙa mini. Shekara tara ke nan ina yi, tun Gunya bai zo gidan nan ba. Abin da na so in gaya maka ke nan ranar."

Sai ya tuna. Yana ɗan shekara goma, in ya zo ɗaura wa dokin Baba linzami, yakan tarar da wani koren abu mai santsi a leɓensa, ya sa bakin riga ya goge yana tsaki, bai taɓa tambayar daga ina ya fito ba. Ya dubi ɓarin komin nan biyu da ke yashe a gefen turke. Komin Inna ne, da shi aka kawo ta gidan.

Siddo ya tafi neman masu taya su haƙa rami. Na'Allah ya rarrafa ya ɗauko ɓarin biyu, ya yi ta haɗa bakinsu, suna ƙin zama.